Ɗan aiken da ba ya tambaya: yadda ya kamata a auna littafin jagorar manhajojin bayanai

Yawancin aikin da kwamfutocin manyan ma'aikatu ke yi ba a kan idon kowa suke yin sa ba. Da dare, bayan an tashi daga aiki, banki yakan tattara cinikin yini ya daidaita asusun mutane, kamfanin sadarwa yakan lissafa kiran da aka yi, ofishin kuɗi yakan haɗa jadawalin albashin dubban ma'aikata. Ba a bin waɗannan bayanai ɗaya bayan ɗaya. Tara su ake yi har lokacinsu ya cika, kamar yadda motar haya ke jiran lodi a tasha, sannan a tura su gaba ɗaya. Wannan shi ne aikin jimla, kuma akwai manhajojin da aka ƙera dominsa. Spark, wadda aka faro a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2009, tana raba babban aiki ga kwamfutoci masu yawa. Airflow, wadda aka fara rubutawa a kamfanin Airbnb a 2014, ita ce mai tsara wane aiki zai tashi, da yaushe, kuma bayan wanne. Ita kuwa pandas, da Wes McKinney ya fara a 2008, da ita masu nazarin alƙaluma ke wanke jadawali su jera shi.

Kowacce daga cikinsu tana da littafin jagora, wato tarin shafukan da masu ita suka rubuta don bayyana yadda ake aiki da ita. Shekara da shekaru injiniyoyi ne masu karanta waɗannan shafuka. Yanzu an samu sabon mai karatu: wakilin ƙirƙirarriyar basira, manhajar da ake ba umarni da harshen mutane, ta karanta jagora, ta rubuta umarnin kwamfuta, ta kuma aiwatar da shi da kanta. Zuwan wannan mai karatu ya sa ma'aunin da aka saba auna jagora da shi ya gaza. Kyan tsari, yawan shafuka da daɗin karatu ba su isa shaida ba. Jagorar manhajar jimla ta cancanci yabo ne kawai idan wakilin da ba shi da komai sai ita zai iya gudanar da aiki ba tare da ya yi ɓarnar da ba za a gani ba sai bayan kwanaki.

Mai karatu ya canza

Injiniyan da ya daɗe a aiki ba da littafi kaɗai yake aiki ba. Yana da abokin aiki a teburin gefe, yana tuna ranar da wani umarni ya taɓa ƙona shi, kuma idan ya ga jimla mai harshen damo yakan dakata ya bincika. Rabin abin da ya sani ba a rubuce yake ba. Saboda haka jagora mai giɓi ba ta cika cutar da shi ba, domin da kansa yake cike giɓin.

Wakili ba shi da teburin gefe. Abin da ya sani kashi biyu ne: abin da ya haddace lokacin da aka horar da shi da ɗimbin rubutun intanet, da abin da aka ajiye masa a gaba a daidai lokacin aikin. Kashi na farko yana da ranar da ya tsaya, kuma cakuɗe yake da rubutun shekaru daban-daban. Kashi na biyu yana da iyaka, domin ba a zuba masa littafi dukansa a lokaci guda. Yawanci ana tsinto masa 'yan sakin layin da suka yi kama da tambayarsa ne. Idan gargaɗin da yake bukata yana wani shafi can nesa, ko yana cikin hoto, ko cikin bidiyo, daidai yake da ba a rubuta shi ba.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Matsalar wannan ɗan aike ita ce ba ya jin ya ɓata, balle ya tambaya. Inda jagora ta yi shiru, yakan cike wurin da abin da ya fi kama da gaskiya, ya rubuta shi da cikakken tabbaci, ya wuce. Yana kuma yin haka cikin daƙiƙoƙi, da izinin taɓa rumbun bayanai na gaske.

Kuskuren da ba ya ihu

Aikin jimla yana da wata ɗabi'a da ta sa wannan rauni ya fi muni a cikinsa. Idan manhajar waya ta samu matsala, mai wayar yana gani nan take. Aikin jimla kuwa yana iya kammalawa, ya ba da rahoton nasara, alhali ya zubar da wani ɓangare na kayan a hanya.

Abin da ya faru a Ingila a 2020 misali ne da ya kamata kowane mai hulɗa da bayanai ya sani. Tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba na wannan shekara, sakamakon mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna ɗauke da cutar korona bai shiga alƙaluman da hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ke fitarwa kullum ba. Dalilin shi ne ana zuba sakamakon dakunan gwaji a cikin tsohon nau'in fayil na Excel, wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536, alhali sabon nau'in yana ɗaukar sama da miliyan ɗaya. Da fayil ya cika, sauran layukan sai su faɗi a waje. An yi jinkirin neman mutanen da masu cutar suka yi cuɗanya da su, a lokacin da kowace rana take da muhimmanci. Babu ƙirƙirarriyar basira a wannan labari, mutane ne suka tsara aikin. Amma ya nuna siffar haɗarin: iyaka ce da aka sani, tana rubuce a wani wuri, ba ta kasance a gaban mai aiki a lokacin da yake bukatarta ba, kuma da aka ƙetare ta babu ƙararrawar da ta kaɗa.

Daga nan ne ya kamata awon jagora ya fara. Tambayar farko da akan yi ita ce ko jagorar ta nuna yadda ake yin aikin. Kusan kowace jagora tana cin wannan jarrabawa, domin misalin ranar lafiya shi ne abu mafi sauƙin rubutawa. Tambayoyin da ke raba gwani da ɗan koyo su ne na ranar da abubuwa suka karkace.

Abin da manhaja ke yi idan ba a ce mata komai ba

Kowace manhaja tana da saitin asali, wato zaɓin da take yi wa mai aiki idan bai furta nasa ba. A nan ne mafi yawan ɓarnar ɓoye take kwana.

Idan aka ba pandas fayil na jadawali ba tare da an fayyace mata nau'in kowane ginshiƙi ba, takan yi hasashe. Ginshiƙin da ta ga lambobi ne zalla takan ɗauke shi a matsayin adadi, kuma adadi ba ya farawa da sifili. A Najeriya lambar waya tana da lamba 11 kuma da sifili take farawa, lambar asusun banki tana da lamba 10 kuma da yawa suna farawa da sifili. Da an karanta su a matsayin adadi, sifilin ya tafi, lambar ta daina zama ta mai ita. Haka kuma idan ta ga kwanan wata an rubuta 03/04, takan fara ɗaukar na farkon a matsayin wata, bisa al'adar Amurka, sai 3 ga Afrilu ya koma 4 ga Maris.

Akwai ma wanda ya shafi Hausa kai tsaye. Manhajar tana da jerin kalmomin da take ɗauka a matsayin alamar gurbin da ba a cike ba. A cikin jerin akwai NA, wanda shi ne taƙaitaccen sunan ƙasar Namibiya, har ya zama abin ba'a tsakanin masu aikin bayanai yadda ƙasar ke ɓacewa daga jadawali. A cikin jerin kuma akwai «nan» da ƙananan haruffa. A wurin masu lissafi, taƙaitawa ce ta abin da ba adadi ba. A wurin Bahaushe, amsa ce cikakkiya. Idan aka yi binciken jin ra'ayi aka tambayi mutum inda aka haife shi ya ce «nan», manhajar za ta mayar da amsarsa babu, ba tare da ta ce uffan ba.

Dole a yi wa pandas adalci: duk waɗannan suna rubuce a jagorarta, har da jerin kalmomin ɗaya bayan ɗaya da yadda ake kashe shi. Wannan shi ne matakin farko na nagarta, kuma manhajoji da yawa ba su kai shi ba. Mataki na biyu shi ne wurin da aka ajiye bayanin. Idan yana tsakiyar bayanin zaɓuɓɓuka masu yawa, misalan da ke shafin farko kuma duk sun nuna hanya mafi gajarta, wakili zai kwaikwayi misalin ne. Misali ya fi gargaɗi ƙarfi a wurinsa.

Spark ma tana da irin nata. Idan tana karanta fayil ta ci karo da layin da ya lalace, hanyoyi uku gare ta: ta bar shi ya wuce da guraben da ba ta gane ba a wofi, ta jefar da shi, ko ta tsayar da aikin nan take. Na farkon shi ne saitin asali. Ga mai nazari da ke leƙa bayanai, wannan sassauci ne. Ga jadawalin albashi, hanya ce ta biyan wani sifili. Jagora mai kyau takan faɗi saitin, ta kuma faɗi irin aikin da bai dace da shi ba.

Abin da take shafewa, da abin da maimaici ke haifarwa

Tambaya ta biyu ita ce wane umarni ne ke rusa abin da ya tarar. A Spark, ana yawan ajiye bayanai kashi-kashi bisa kwanan wata, kowace rana da kasonta. Wanda ya ce a rubuta bayanan yau a maye gurbin tsohon yana iya zaton kason yau kaɗai za a taɓa. A saitin asali kuwa, abin da ke wurin ajiyar gaba ɗaya ake sharewa kafin a rubuta sabon, har da na watannin baya. Tun siga ta 2.3 akwai saitin da ke taƙaita sharewar ga kason da ake rubutawa, amma sai an kunna shi, kuma bayaninsa yana cikin dogon jerin saituna. Mutumin da ya taɓa asarar bayanan shekara guda ba ya mantawa. Wakili ba shi da wannan tabo, sai abin da aka rubuta masa kusa da umarnin.

Maimaici ɗan'uwan sharewa ne. Ayyukan jimla suna yankewa a tsakiya: wuta ta ɗauke, intanet ta katse, kwamfuta ta cika. Abin da aka saba shi ne a sake tayar da aikin, kuma ana iya saita Airflow ta riƙa yin haka da kanta. Amma idan aikin ya riga ya tura rabin kuɗin kafin ya yanke, sake tayar da shi daga farko biya biyu ne ga rabin mutanen. Akwai ayyukan da aka gina su yadda ko sau goma aka maimaita sakamakon ɗaya ne, akwai waɗanda kowane maimaici ƙari ne. Jagorar da ba ta fayyace wa kowane umarni rukuninsa ba ta bar mai karatu cikin duhu a daidai wurin da ya fi bukatar fitila. Wakili kuwa, idan ya ga kuskure, abin da ya fi saurin yi shi ne ya sake gwadawa.

Iyaka, jeri da siga

Iyakoki suna bukatar a rubuta su da lamba, tare da abin da ke faruwa idan an kai su. Ma'ajiyar S3 ta Amazon, idan aka nemi jerin fayilolin da ke cikinta, ba ta ba da fiye da 1,000 a amsa ɗaya. Tana sanya alamar cewa akwai saura, sai mai nema ya sake tambaya. Wanda bai duba alamar ba zai sarrafa dubun farko ya ɗauka ya gama.

A ɓangaren jeri akwai misalin rubutu mai kyau. Kamfanonin OpenAI da Anthropic duka suna da hanyar tura dubban tambayoyi a jimlace, a karɓi amsa cikin sa'a 24 a kan rabin farashi. Jagororinsu sun faɗa ƙarara cewa amsoshin ba lalle su dawo a jerin da aka tura su ba, saboda haka kowace tambaya sai an ba ta lambar shaida da za a haɗa ta da amsarta. Wannan jimla guda ta hana kuskuren da zai sa a manna amsar wani a kan sunan wani. Darajarta ta fi ta shafi goma na gabatarwa.

Sai batun siga. Manhaja tana canzawa, rubutun da aka yi a kanta a intanet kuwa yana nan daram. A pandas akwai wani umarni na liƙa layuka a ƙarshen jadawali da aka yi shekaru ana amfani da shi; an yi gargaɗin barinsa a siga ta 1.4 a farkon 2022, aka cire shi ɗungurungum a siga ta 2.0 a Afrilun 2023. Dubban darussa na da suna nan suna koyar da shi, kuma da su aka horar da manhajojin harshe. Wannan ma da sauƙi, domin umarnin da aka cire yakan jawo kuskure a fili. Wanda ya fi haɗari shi ne saitin da ya juya alhali sunansa bai canza ba. A Airflow ta 2, idan aka kunna aikin kullum wanda ranar farawarsa ta wuce da shekara guda, manhajar takan tayar da aikin kowace rana da aka tsallake, sau 365, sai fa an hana ta. A Airflow ta 3, wadda ta fito a Afrilun 2025, an kashe wannan a saitin asali. Haka Spark ta 4.0, a 2025, ta koma tsayar da aiki idan aka raba adadi da sifili ko aka nemi mayar da rubutu adadi alhali ba adadi ba ne, inda a da takan bar gurbin a wofi ta wuce. Umarni ɗaya, sakamako biyu. Saboda haka kowane shafi na jagora ya kamata ya ɗauki lambar sigarsa a cikin rubutunsa, domin wakili sau da yawa sakin layi ake miƙa masa, ba ya ganin adireshin shafin balle akwatin zaɓin siga da ke samansa.

Suna ma jagora ne. Shekaru da dama Airflow tana da wani suna da ma'anarsa ita ce ranar aiwatarwa, alhali abin da yake nufi shi ne farkon zangon da bayanan suka shafa: aikin ranar 1 ga wata sai ranar ta ƙare yake tashi, amma yana ɗauke da tambarin 1 ga wata. Ruɗanin ya yi yawa har masu manhajar suka sauya sunan a siga ta 2.2 a 2021. Manhajar kuma da agogon duniya take lissafi a cikinta, wanda Najeriya da Nijar ke gabansa da sa'a guda. Idan ba a saita yankin lokaci ba, cinikin da aka yi a Kano ko Maraɗi da ƙarfe sha biyu da rabi na dare zai faɗa lissafin jiya.

Hanyar komawa

A Yulin 2025, Jason Lemkin, wanda ya kafa SaaStr, ya bayyana cewa wakilin kamfanin Replit ya share masa rumbun bayanai na gaske a lokacin da ya umarce shi kada ya canza komai. Shugaban kamfanin, Amjad Masad, ya amsa cewa hakan bai kamata ya yiwu ba, ya kuma sanar da raba rumbun gwaji da na aiki. Akwai wani ɓangare na labarin da ya shafi wannan batu: wakilin ya ce ba za a iya dawo da bayanan ba, sai ga shi an dawo da su. Ɗan aiken bai san ƙofar baya ta gidan da yake aiki a ciki ba. Jagorar da ta bayyana yadda ake yi amma ba ta bayyana yadda ake warwarewa ba, rabin jagora ce. Ya kamata ta faɗi ko akwai hanyar gwada umarni a ga abin da zai taɓa kafin a sake shi, da tsawon lokacin da ake iya dawo da abin da aka share, da ma'anar kowane saƙon kuskure: wanne ne ke nufin a jira a sake gwadawa, wanne ne ke nufin a tsaya a kira mutum.

Gani ya kori ji

Duk waɗannan ana iya duba su da ido, amma hukunci na ƙarshe na gwaji ne, kuma gwajin bai fi ƙarfin ƙaramar ma'aikata ba. A keɓe wuri da bayanan bogi, a ba wakili jagorar da ayyuka irin na yau da kullum: ya loda cinikin jiya, ya gyara na ranar da aka yi kuskure, ya ci gaba da aikin da ya yanke a tsakiya. A cikin bayanan a dasa tarkuna irin na wurin da za a yi aikin: lambobin asusu masu farawa da sifili, kwanan wata da rana a gaba, sunaye masu haruffa masu lanƙwasa irin su Ɗanladi da Ƙaraye, sunaye masu ɗauri irin su Sa'adatu, harafin ƴ da ake rubutawa a Nijar inda Najeriya ke rubuta 'y, kalmar «nan» a gurbin amsa, da fayiloli fiye da dubu.

Wajen ba da maki, sakamako uku ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Akwai aikin da ya fita daidai. Akwai wanda wakili ya tsaya ya ce bai da tabbas, ko manhaja ta tsayar da shi da kuskure a fili. Wannan asarar lokaci ce kawai. Akwai kuma wanda ya ce ya gama alhali layuka sun ɓace ko sun ninku. Na ukun shi ne abin farauta, kuma guda ɗaya daga cikinsa ya kamata ya rinjayi nasarori da yawa, domin a aikin gaske shi ne wanda zai shiga asusun mutane.

Sharuɗɗa biyu ke sa gwajin ya zama na jagora ba na wakili ba. Na farko, a yi kowane aiki sau da yawa, domin manhajojin harshe ba sa ba da amsa iri ɗaya kullum, kuma nasara sau ɗaya tana iya zama sa'a. Na biyu, a yi gwajin da jagora, a kuma yi shi babu ita. Idan sakamakon bai bambanta ba, wakilin da haddarsa yake aiki, jagorar ba ta ƙara komai ba. Wannan ya fi muhimmanci ga manhajojin cikin gida da ma'aikata ta rubuta wa kanta, waɗanda babu wata manhajar harshe da ta taɓa ganinsu. A kansu jagora ita ce kaɗai abin dogaro, kuma su ne aka fi yi wa rubutun ganin dama. Bayan haka, duk inda wakili ya faɗi, a gyara sakin layin a sake gwadawa. Masu harshen Rust da Python sun daɗe da hanyar gudanar da misalan da ke cikin jagora a matsayin gwaji, ta yadda misalin da ya daina aiki zai tona kansa. Wannan faɗaɗa wancan tunani ne zuwa ga jimlolin kansu.

Abin da masu ja za su ce

Akwai masu ganin cewa wannan wahala ce ta ɗan lokaci, tunda manhajojin suna ƙara kaifi kuma suna iya karanta tushen rubutun manhaja da kansu. Gaskiya ne suna iyawa, idan tushen a buɗe yake. Amma tushe yana nuna abin da manhaja ke yi a yau ne kawai. Ba ya nuna wanne ne alkawari da masu ita za su riƙe, wanne ne dacen da zai canza a siga ta gaba. Yawancin hidimomin da ake saya kuma tushensu a rufe yake. Kaifin basira ba ya samar da labarin da ba a ba da ba; abin da yake yi shi ne ya sa hasashe ya ƙara kama da gaskiya.

Wasu kuma za su ce maganin shi ne shinge: a hana wakili izinin sharewa, a raba wurin gwaji da na aiki, a sa mutum ya sa hannu kafin babban mataki. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma duk ma'aikatar da ba ta yi haka ba ta yi sakaci. Sai dai shinge yana tare ɓarnar da aka hango ne. Babu izinin da aka keta lokacin da sifili ya faɗi daga lambar asusu, ko 3 ga Afrilu ya koma 4 ga Maris. Mutumin da zai sa hannu ma rahoton nasara zai gani.

Akwai kuma masu ganin an riga an magance matsalar da sababbin tsare-tsare. A Satumban 2024 Jeremy Howard ya ba da shawarar fayil mai suna llms.txt, wanda shafin intanet zai ajiye don nuna wa manhajojin harshe muhimman shafukansa cikin rubutu marar ado. A Nuwamban wannan shekara Anthropic ta fitar da ƙa'idar MCP, wadda ke ba kowane kayan aiki suna, bayani da tsarin abin da yake karɓa, daga baya aka ƙara alamomin da ke nuna ko yana sharewa, ko karatu kawai yake yi, ko maimaita shi ba ya illa. Ci gaba ne na gaske, musamman waɗannan alamomi, domin sun mayar da tambayoyin da suka fi muhimmanci guraben da ake cikewa. Amma ƙa'idar da kanta ta kira su ishara ce kawai, ba a dogara da su daga majiyar da ba a amince da ita ba. Waɗannan tsare-tsare hanyar isar da rubutu ce, kuma jagorar da ta yi shiru a kan sharewa za ta isa ga wakili da shirunta.

Wanda zai amsa tambaya

Idan albashi ya tafi asusun da ba nasa ba, ko bayanan marasa lafiya suka cakuɗe, ba wakili za a kira ba. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin kiyaye bayanan mutane, har da ingancinsu, a kan ma'aikatar da ke riƙe da su. Saboda haka awon jagora ba aikin injiniyoyi kaɗai ba ne. Shugaban sashen kuɗi ko daraktan asibitin da ake kawo wa tayin manhaja yana da damar neman a nuna masa, a rubuce, abin da take yi da layin da ya lalace, abin da ke faruwa idan aiki ya yanke aka sake tayar da shi, da yadda ake dawo da abin da aka share. Yana da damar neman a yi gwajin da bayanai masu kama da nasa kafin a sa hannu a kwangila. Dillalin da ya kasa nuna shafin da amsar take, ya riga ya ba da amsa.

Ribar wannan aiki ba ta tsaya ga wakili ba. Jimlar da ta hana shi share bayanan wata shida ita ce za ta hana sabon ma'aikacin da aka bar wa aikin dare a makonsa na farko. Tun da can mutane suna bukatar waɗannan jimloli, sai dai sun saba biyan rashinsu da tambaya da tuntuɓe. Yanzu da aka samu mai karatun da ke aiwatar da abin da aka rubuta masa kamar yadda aka rubuta shi, kowane giɓi a jagora ya zama abin da ake iya ƙirgawa, kuma ya fi arha a ƙirga shi a ɗakin gwaji kafin ranar biyan albashi.